Ɗamarar Idin Bambeye

Duk Kalfu an san Manzo da abu biyu: rediyo a kafaɗa da sunan Idin Bambeye a baki. Tun yana saurayi yake ƙaunar ɗan kokawar nan, amma, abin tausayi, bai taɓa ganinsa ba. Da an gama ɗaure gero ake buga gangar kokawa, a lokacin kuwa Manzo yana cikin mota, ya kama hanyar Abijan cin rani. Can a bakin teburinsa na shayi yake manna kunne ga rediyo, yana jin yadda Idi ke ɗaga maza. A zuciyarsa ya gina shi ƙato, mai wuya kamar turmi. Har Idi ya rasu ba su haɗu ba.

Da tsufa ya zaunar da shi gida, sai yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai hazo-hazo. Ana nan ya ji cewa samari sun buɗe wani ɗaki a Tawa, sun tara hotuna da kayan tsofaffin ƴan kokawa, har da na Idi. Ya hana ɗiyarsa Zaliha sakat.

"Ki kai ni in ga huskatai tun idon ga bai ida mutuwa ba."

Ta kai shi. Mai kula da ɗakin, Muktari, tsohon malamin lakkol, wato makarantar boko, ya tsayar da shi gaban hoton Idi. Manzo ya matsa har hancinsa ya taɓa gilashi. Ya karkata, ya goge ido da hannun riga, ya sake dubawa. Inuwa kawai. Zaliha ta fara kwatanta masa, ya ɗaga mata hannu.

"Bari, ɗiyata. Da kunne na san shi tun dauri. Gani niz zo yi."

Muktari ya kwance abin da ke rataye ƙarƙashin hoton, wanda shi da kansa ya hana a taɓa.

"Baba, ga ɗamaratai. Riƙa."

Manzo ya bi fatar da yatsu, laya bayan laya, har wurin da gumi ya cinye ɗinki. Ya auna ta da kamu, ya sake aunawa.

"Malam, ta yaro ce kab ba ni?"

"Tashi ce, Baba. Da ita yay yi kokawa har yab bari."

Tsohon ya ɗage riga ya zagaya ta a ƙugunsa, wannan ƙugu da ɗaukar jarkar ruwa a Abijan ya lanƙwasa. Ta zauna daidai, kullin ya faɗa inda Idi ke kulla shi.

Ya daɗe a tsaye yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Zaliha," in ji shi, "ashe awa ni yake, jikinmu guda."