Saniyar da na tsaya mata a kara

Kafin in lalace, abin da na mallaka uku ne: tsohon babur, gonar gero da muka gada ni da yayana a wani ƙauye kusa da Kebbe, da kuma bakina. A cikin ukun nan bakin ne ke ciyar da gidana. Ni dillalin shanu ne a karar Tambuwal, wato kasuwar dabbobi, kuma ba gado na yi ba. Da ɗauko awakin mutane a babur na fara, shekara tara ina yi, har manyan kara suka yarda da ni.

Ga wanda bai san kara ba, ƙa'idarta ita ce baƙo ba ya sayar da dabba sai wani dillali ya ce, "Na san shi, na tsaya mishi." Daga nan in dabbar ta zama ta sata, wuyan dillali za a kama. Maganar nan ita ce jarinmu, ba mu da wani.

Ba zan ce talauci ne ya sa ni ba, amma zan faɗi abin da ya fara cin zuciyata. Duk ranar kasuwa sai an tsare ni a shingen kan hanya da akuya biyu a kwando, ana tambayar takardarsu, ina tsaye cikin rana. Ina nan tsaye motar wani Alhaji, babban mai fataucin shanu, za ta zo cike maƙil, a ɗaga sanda tun daga nesa, har a sara wa direba. Na yi shekaru ina kallon wannan. A hankali na yanke wa kaina cewa doka ta mai babur ce, kuma wawa ne kaɗai ke bin ta.

Wata rana Alhajin ya kira ni gindin rumfarsa, ya nuna mini wani mutum riƙe da bijimi.

"Ka tsaya ma wanga," ya ce.

"Alhaji, ban san shi ba."

"To, ni ka san ni? Abin da nika so ke nan."

Na kalli kunnen bijimin, na ga an sake yanka shaidar da ke jiki, gyambon bai ko bushe ba. Na gani sarai. Na je gaban sarkin kara na ce na san mutumin. La'adar da na samu ranar ta fi ta mako uku, kuma ba wanda ya zo cigiya, don Alhaji da kansa ya saye, ya loda a mota aka yi kudu. Sau shida muka yi haka.

A karo na bakwai aka kawo wata farar saniya, ranar kuwa motar Alhaji ta riga ta cika. Ya ce in nema mata mai saye a nan. Hantsarta cike take, nono har ɗiga yake yi. Wani manomi daga wajen Jabo ya duba ta, ya ce, "Dillali, ina ɗan maraƙin?"

Na ce, "Ya mutu shekaranjiya." Na tsaya mata, ya biya, ya tafi da ita.

Ko ɗan koyo ya san saniyar da ta baro ɗa a gida ba a sayar da ita kusa. Ni da na fi shekara tara a kara na yi wannan wautar, don na saba ba a tambayata. Kwana biyu ta tsinke igiya, ta kama hanya, ba ta tsaya ba sai a garken mai ita, wani dattijo Malam Buba, can wajen Kebbe. Manomin ya bi sawu har can. Ranar kasuwa suka zo tare gaban sarkin kara. Tambaya ɗaya aka yi: "Wa ya tsaya mata?"

A ofishin 'yan sandan da aka kai ni, ba sai na faɗi wanne ba, na faɗi komai, har sunan Alhaji. Aka aika masa, ya zo bayan la'asar da farar riga. Aka jawo masa kujera, ni ina zaune a ƙasa ba takalmi. Ya dube ni ya ce, "Wanga? Dillali ne, nika ganin shi cikin kara. Ban san sha'aninshi ba." Aka raka shi har mota. Mutumin da ya kawo saniyar kuwa, ba a ko nemi inda yake ba.

Shekara biyu da wata bakwai na yi ina jiran shari'a. Yau ba motar kai mu kotu, gobe mai gabatar da ƙara bai zo ba. Da aka yanke hukunci, shekara ɗaya aka ƙara mini. A gidan yari na yi abin da dillali ya iya, na ƙare wa mutane kallo. Wannan buhun gero ya ɗauka, wancan waya, wani ma an kwaso shi ne a tasha kawai, ba shi da mai zuwa belinsa. Ban ga ɗan gidan da ake ajiye mota ba. Ba wai ba sa sata ba, ai ni na yi wa ɗaya aiki.

Wani malami da ke zuwa koya mana karatu ya ce mana rashin daidaito ne ke haifar da laifi. Na ce masa, "Malam, rabin gaskiya ka faɗi. Yayana ya fi ni talauci, hanya guda anka tsare mu, bai taɓa ɗaukar ko igiyar wani ba." Ya ce, "To ɗaya rabin fa?" Na ce ɗaya rabin ni ne. Har yau abin na ƙona mini rai, amma duka biyun gaskiya ne.

Da na fito na je wurin Malam Buba na durƙusa. Ya ce, "Ni na yafe, ɗana, saniyata ta dawo da ƙafarta. Sauran shidan fa, ka san masu su?" Ban san su ba. Har gobe ina roƙon Allah ya sa su yafe mini. Na koma wurin sarkin kara, ya ba ni ruwa na sha, ya ce, "Ka zo ka sayi dabba in kana so. Amma ba ka ƙara tsaya ma kowa." Yanzu albasa nake sarowa, ina rufa wa kaina asiri.

Samari, za ku ga rashin adalci da idonku, ba zan ce muku ƙarya ne ba. Amma in babba ya ce ku sa bakinku a kan abin da ba ku sani ba, ku tambayi kanku me ya hana shi sa nasa. Ya riga ya san wanda za a zaunar a ƙasa.

Ga lissafina. Na ci la'adar shanu bakwai, ba abin da ya saura daga ciki. Na ba da shekara uku da wata bakwai, aka binne mahaifiyata ba na nan. Watan jiya maƙwabcina ya sayar da gona, ana neman shaidu biyu, ina zaune a kan tabarmar da ake cinikin, sai aka aika a kira wani daga bayan gari. Alhaji kuwa, abin da ya rasa a duk lamarin yammaci ɗaya ne.