Tagar Ɗaki na Sha Huɗu

Safiatou 'yar Damagaram ce, amma tana shekara shida aka kawo ta Dubai, inda babanta Mahamadou ke ɗaurin kaya a kasuwar Murshid Bazaar. Ta tashi da Turanci a makaranta, Larabci a titi, Hausa kuwa sai a gaban tukunyar mahaifiyarta, Hannatou. Kafaffiya ce tun tana ƙarama. In ta sa abu a gaba, gara ka kauce mata.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne 'ya'yan Hausawa da aka haifa a unguwar Al Ras. Kaka za ta kira daga gida ta ce, "Kun kwana lafiya?", jika ya miƙa wa uwarsa wayar kamar ta ƙona shi. Da Safiatou ta shiga jami'a karatun haɗa magunguna, sai ta nemi a ba ta aji ranar Asabar ta riƙa koya musu. Ofishin kula da ɗalibai ya ce ta shiga ƙungiyar 'yan Afirka, ai suna da ganguna. Ta ce ita allo ta zo nema, ba ganga ba. Wata bakwai tana sintiri, har ta tara sa hannun ɗalibai sittin, babanta na ta faɗa: "Ke, nan ba Zinder ba ne. Baƙo ba ya ɗaga murya." A ƙarshe aka ba ta ɗaki na sha huɗu, da sharaɗi: ban da taro, ban da wanda sunansa ba ya cikin takarda. Bizarta kuma a hannun jami'ar take.

Asabar ta biyar, tana cikin koya wa yara sunayen dangi, mai gadi ya leƙo, fuska a ɗaure. Ya ce shugabar ofishin na nemanta yanzu-yanzu.

Da ta je, ta tagar ofishin ta hango su. Mata sun fi talatin a bakin ƙofar jami'a, ɗauke da kuloli, Hajiya Mariya 'yar Kano, mai aika kaya gida, tana gaba. A wajenmu, wanda ya yi wa ɗanka alheri ba a gode masa ta waya. Takawa ake yi, kuma yawan masu zuwa shi ne girman godiyar. Ba wadda ta gaya wa Safiatou, wai so suke su ba ta mamaki.

"Zanga-zanga ce wannan?" in ji shugabar.

"Godiya suka zo yi miki, Madam. Abinci ne a kulolin."

"Mutum talatin ba izini? Na ba ki minti biyar. In ba su watse ba zan kira 'yan sanda. Daga nan ajinki khalas, ya ƙare, takardunki ma sai an duba."

Safiatou ta sauko. Korar baƙo da abinci a hannu, wannan ko mahaukaci yana jin kunyarsa. Ta durƙusa a gaban Hajiya Mariya.

"Hajiya, don Allah ku yi haƙuri ku koma. Tout de suite, yanzu-yanzu."

"Mu koma? Tun asuba nake kan dambun nan. Mu da muka zo fitar da ke kunya?"

"In kuka ƙara minti uku aji ya tafi, ni ma na tafi."

Aka fara gunaguni. Wata ta ce boko ya cinye yarinya. Sai Safiatou ta hango Innarta can baya, cikin leshin da take adanawa don Sallah. Hannatou ba ta taɓa taka harabar makaranta ba a rayuwarta. Kuma saboda kunyar ɗan fari, ko sunan Safiatou ba ta kira, balle ta yabe ta a gaban mutane.

Ita ce ta fara ɗaukar kularta. "Yalla, ku zo mu tafi. Ita ta san wurin nan, mu ba mu sani ba."

Matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan yi gaba, sai ta dawo kusa da 'yarta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke, wacce ce tagarki?"

Safiatou ta nuna mata ta uku a bene na biyu, tagar ɗaki na sha huɗu. Hannatou ta daɗe tana kallo, ta gyaɗa kai, ta bi sauran.

Ajin yana nan har yau, yara sun kai arba'in. A makon da ya biyo baya Safiatou ta sa sunan Innarta cikin takardar baƙi, ta kawo mata har gida da hatimin ofis. Hannatou ta ninke ta, ta sa ƙarƙashin leshin a akwati.

"Ba sai na je ba," in ji ta. "Ai na ga tagar."