Tsohuwar da ba ta tashi da rana

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina tuƙi, ranar nan ta Fakku ba za ta fita daga raina ba. Yanzu da ajin yaƙi da jahilci ya sa hannuna ya saba da alƙalami, ita na ga ya kamata in fara ba da labarinta.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina tuƙa wa wani Alhaji mai sayen hatsi a Tambuwal tsohuwar Landiroba, muna zaga kasuwannin ƙauye har Kebbe. Motar tana da wani hali da ya hana ni sukuni. Da safe, in na jawo cok, abin ƙara wa injin mai in yana sanyi, na danna kik na tayarwa, sai ta tashi kamar sabuwa. Amma da rana, in injin ya yi zafi na kashe ta, wata rana ta tashi, wata rana sai ka ji ƙas, shi ke nan. An sake batir, bakanike ya kwance kik ɗin ya ce lafiyarsa lau. Handul ɗin murzawa kuwa bakinsa ya cinye, ba ya kamawa. Direbobin tasha har tsiya suke mini, wai tsohuwata ƙailula take yi. Dabarar da na koma yi ita ce, ko dai in tsaya a kan gangara, ko in bar injin yana aiki.

Ran nan da damina muka biya Fakku, inda ƙanwata take aure. Muka iske an tayar da sallar azahar a gindin wata bishiya, wuri mai yashi, ba gangara ko kaɗan. Na tsaya na bar injin a kunne. Alhaji ya miƙo hannu ya murɗe makulli.

"Mutane na salla, wagga tsohuwa na ta tari bisa kansu? Ka bari, Allah na tashe ta."

Gaskiyarsa ce. Amma har na yi sujada hankalina yana kan motar.

Muna sallamewa sai ga mijin ƙanwata a guje, ya goyo ta daga gona. Kububuwa ce ta sare ta a ƙafa wajen noma. An ɗaure mata tsumma, ƙafar ta fara kumbura. Maganin da ya fi kusa yana Tambuwal, kuma duk yankin ba wata mota sai tamu. Muka kwantar da ita a baya kan buhuna. Na danna kik. Ƙas. Na sake. Ƙas.

Majiya ƙarfi suka taru suka tura, taya ta nutse a yashi. Na buɗe bonet, na ƙwanƙwasa kik da sifana, na kankare kawunan batir, na koma na danna, na sake fitowa. Na rasa inda zan tsaya. Wani ya ce a nemo raƙumi, wani ya ce a tofa wa injin addu'a. Mijin ƙanwata ya riƙe mini riga.

"Kai da kullum kaka cika muna baki da mota! Mi kaka jira?"

Daga bayan mota na ji muryar ƙanwata a hankali: "Yaya, bakina jini nika ji."

Don ruɗewa na jawo cok, abin da ba a yi wa injin mai zafi, na danna na riƙe. Sai kik ya yi nishi, ya juya rabi. Na ji ƙauri. Na kai hannu ƙarƙashin sitiyari na taɓa wayar cok, ta ƙona mini yatsu, hayaƙi yana fita daga jikinta.

Na zauna ina busa yatsuna. Me ya kai wuta wayar cok? Ba wayar lantarki ba ce, igiyar ƙarfe ce kawai ta ja. Sai dai in wutar ta rasa hanyarta ta komawa batir, ta bi ta nan. Ashe shi ya sa take tashi da safe, lokacin da nake jawo cok! Watanni ina tambayar me ya hana ta tashi, ban taɓa tambayar me nake yi a lokutan da take tashi ba.

Na shige ƙarƙashin mota. Akwai wata faffaɗar waya saƙaƙƙiya da ke haɗa injin da shasi, wato ƙarfen gindin mota, ta nan wuta ke komawa batir. Laka ta rufe ta, da ido lafiya take. Ina taɓa ta ta rabu biyu, ashe zare kaɗan ya rage. Ba ni da wata. Na ɗauko handul ɗin nan da muka daɗe da yanke wa ƙauna, na kankare shi da dutse, na tokare shi tsakanin injin da shasi.

"Alhaji, riƙe nan, ka danne da ƙarfi."

"Wutar ba ta kashe ni?"

"Tartsatsi ɗai za ka gani. In ka saki, ƙanwata ce za ta mutu."

Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya kama, ya rufe ido yana salati. Na danna. Tartsatsi ya tashi, Alhaji ya yi kabbara bai saki ba, tsohuwa ta ɗauka da ruri. Aka zuba kara a ƙarƙashin tayoyi muka fita daga yashi. Ban sake ɗaga ƙafa daga totur ba sai ƙofar asibiti, la'asar ta yi. Alhaji da kansa yake cewa, "Kar ka kashe ta, ko liman ka gani!"

Ƙanwata ta daɗe a kwance, amma ta tashi. Yau jikokinta ne ke ɗebo mata ruwa. Tabon ƙunar yana nan a yatsun da nake riƙe alƙalami da su.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, matsalar da ke zuwa tana tafiya ba a zama da ita ana yi mata dabara, don ranar da za ta zauna ba za ta yi shawara da kai ba. Kuma in abu yana yi yana ƙi, ka lura da lokacin da yake yi. Amsar tana can.