Akwatin Kawu a Shingen Zuma

Da kawuna ya rasu, ni aka bar wa akwatinsa na ƙarfe, don ni kaɗai ce malamar makaranta a gidan. Tsofaffin littattafai ne a ciki, na tarihin ƙasashen Amurka, waɗanda wani Bature da suka koyar tare ya bar masa. Bangonsu na fata ne, takardun sun yi ja, wasu ma ba da Turanci aka rubuta su ba.

A shekarun da bama-bamai ke tashi ne wani malamin jami'a ya ce in kai masa su Abuja ya gani. Na shiga tasi da hantsi, akwatin yana but ɗin motar.

A shingen sojoji kusa da Dutsen Zuma aka tsayar da mu. Wani soja ya ɗaga akwatin, ya ji nauyi, ya ga kwaɗo.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne."

"Buɗe."

Na zazzage jakata a kan kwalta. Babu makulli. Sai na tuna yana rataye a ƙusa a ɗakina.

Nan take aka ce kowa ya ja baya. Matar da muka yi ta hira tun daga tasha ta ce ita ba ta san ni ba. Aka sa na durƙusa gefen akwatin, bakin bindiga na kallona. Salati nake son yi, amma ina tsoron a ji.

Da guduma suka fasa kwaɗon. Littafin farko da sojan ya ɗauko, wata taswira ta warware daga cikinsa: gari ne da ganuwa, ga igwa, ga kibiyoyi.

"Hajiya, wane gari ne wannan za ku shiga?"

"Wallahi birnin Meziko ne, ranka ya daɗe. Tsohuwar taswira ce."

Babbansu, wani mai furfura, ya zo ya sa tabarau. Ya daɗe yana juya shafi, gefen takardar na marmashewa a yatsunsa. Can ya naɗe taswirar a hankali.

"Tashi, Malama. Ki nema musu kwali."

Kafin nan tasin ta tafi. Na zauna a kan akwatin har azahar. Abujar da ban je ba ke nan. Wani mai Keke Napep da ya nufi cikin garinmu ne ya mai da ni gida, sai da ya leƙa akwatin tukuna.