Ƙyauren Zauren Maigidana

Gidanmu ne na farko in ka shigo garin daga kudu, a bakin hanyar da ta taso daga Zariya ta ratsa Hunkuyi ta miƙe arewa. Wanda ya gina gidan ya yi wa zaure faɗi fiye da ɗakin kwanansa, kuma tun ranar da aka kawo ni ban taɓa ganin ƙyauren zauren nan a rufe ba. Katakon maɗaci ne mai nauyi, ya daɗe manne da bango har zanzaro ya yi gini a bayansa. Maigidana, wanda ban kira sunansa ba yana raye balle in fara yanzu da furfura, haka ya gada wurin mahaifinsa: duk wanda rana ta faɗi masa a hanya, ya shigo ya shimfiɗa tabarma. Kafin magariba kowane gida a unguwa yakan fitar da akushin tuwo ɗaya a kawo zaure. Baƙi biyu ne ko uku, su ci su ƙoshi, ragowar ta zama ɗumamen safe.

Sai ga shekarun nan da Turawa suka daina son kayanmu. Audugar da suka matsa mana mu shuka, ka ɗauko ta a ka har bakin sikeli, a miƙo maka abin da ko gishirin miya bai isa ba. Gyada ma haka. Ana cikin wannan fara ta sauka ta gama da abin da ya rage a gona. Da kaka ta wuce, maigidana ya ce zai tafi haƙar kuza a Jos, ya dawo kafin ruwan farko. Ya ɗauki sandarsa da bargonsa da ɗan ƙoƙon shan ruwansa. Ƙoƙon yana da zanen ƙafar zabo da na ƙona da wuƙa mai zafi, irin wanda nake yi wa duk ƙorena da akusana don kada su ɓace a gidan biki. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, “Zaure fa.” Na ce masa na ji.

Bai yi wata uku da tafiya ba muka fara ganinsu. Ashe can ma an sallami ma'aikata, ramukan kuza sun tsaya. Mutanen Kano da Katsina da Daura da ma gaba da nan, duk suka kamo hanyar gida a ƙasa, don babu mai abin shiga jirgi. Zauren da ya saba da mutum uku ya koma ɗaukar ashirin. Suna kwana a jere, kan wannan a ƙafar wancan, in ɗaya zai juya sai ya tashi maƙwabcinsa. Tabarmi suka ƙare, muka koma shimfiɗa buhu da karan dawa. Kwarkwata da kuɗin cizo kuwa sun samu gari. Ga tari, irin na mutanen rami, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ga ƙafafu duk faso, wasu da kurkunu. Masu mata da yara na shigar da matan cikin gida, na raba su tsakanin ɗakina da ɗakin girki. Kowane ayari ya iso sai na tsaya daga bayan asabari na ƙare wa fuskokinsu kallo, in tambayi ko sun ga wani dogo mai tsagar Zazzagawa da ɗan ɗingishi. Kowa ya ce mutane da yawa ne a hanya.

Mutane na ƙaruwa, akusa na raguwa. Gidan da ya saba aiko da tuwo ya koma aiko da kunu, daga nan sai shiru. Ban ce suna da shi suka ɓoye ba, kowa rumbunsa ya yi ƙasa. Amma ina ganin hayaƙi yana tashi a kowane gida da la'asar, kuma ni ba yarinya ba ce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi kwana biyu ina zagin unguwa a cikina, har dabara ta zo mini ina tsakiyar tankaɗe.

Sana'ata daddawa ce, kuma ɗorawa ba ta san Bature ya rage farashi ba, ta yi 'ya'ya a shekarar. A garinmu kuwa, mace ba ta mayar wa 'yar'uwarta da kwano haka nan wayam. In an aiko miki da abu, sai kin sa wani abu a ciki kafin ya koma, ko da kuwa ke da mai kwanon ba kwa ga-maciji. Sai na fito da manyan akusana duka, na sa daddawa uku-uku a gindin kowanne, na rufe da faifai. Da la'asar na bi gida-gida. In yi sallama, in gaida mutan gida, in dire akushi, in ce na bar tukunya a wuta, in fice kafin a juye a miƙo mini.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta buɗe faifai tun ina tsaye, ta leƙa, ta ɗago ta dube ni.

“Ke dai Allah ya shirye ki,” in ji ta. “Daddawa uku a wannan ƙaton akushi? Ai sai na sa tsani in ɗauko su.”

Na ce, “Iya, shi kaɗai ne wankakke.”

Ta ce, “Ɗazu ma shi kaɗai ne wankakke a gidan liman, ko?”

Duk sun gane, babu wadda ba ta gane ba. Amma kafin magariba akusan suka dawo, wani da tuwon dawa, wani da fate, wani da ɗan wake, wani rogo ne kawai da yaji. Ana zagina a bakin rijiya, na sani, ko a jikina. Zaure dai ya ci.

Wanda bai ga abin dariya a ciki ba shi ne ƙanen maigidana, wanda danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa. Da can abokin wasana ne, ina ce masa maigida ƙarami, yana ce mini matar Yaya mai bakin barkono. A shekarar nan wasa ya ƙare. Ya daina bi ta zaure, sai dai ya shigo ta kafar danga yana toshe hanci.

“Matar Yaya,” ya ce mini wata safiya, “wannan tarin da kike tarawa a ƙofar gida, in ya shiga yarana fa? Ga audugata a tsakar gida ba ta sayu ba, ruwa na tafe, ba ni da inda zan sa ta. Ki sallami mutanen nan a rufe ƙyaure.”

Maganarsa ba ta banza ba ce, yara shida gare shi kuma ƙaramin ba ya da ƙoshin lafiya. Amma na ce masa mai zaure ya bar mini shi a buɗe, a buɗe zai dawo ya same shi. Ya kai ƙarata wurin mai unguwa. Mai unguwa, da yake ba ya son rigima da kowa, ya ce a jira mai gida ya dawo ya yanke. Muka tsaya a nan, shi yana jira, ni ina jira.

Ruwan farko ya sauka bai dawo ba. Aka yi shuka bai dawo ba. Rufin zaure ya fara yoyo, muka jera kaskon tarar ruwa a tsakanin masu kwana.

Wata rana da hantsi wani Bakatsine ya iso shi kaɗai, ƙashi da fata. Na aika masa da ɗumame a akushina. Jim kaɗan aka ce baƙo yana son magana da matar gida. Na fito na tsaya a bakin ƙofar ciki. Bai taɓa abincin ba, yana ta shafa zanen da ke gefen akushin da ɗan yatsa.

Ya ce, “Baiwar Allah, wannan zanen na gidan nan ne?”

Na ce nawa ne.

Ya kwance ƙullinsa ya fito da ƙoƙo ya ajiye a ƙasa tsakaninmu. Ƙafar zabo ce, hannuna ne, har da inda wuƙar ta goce mini.

Ya ce tare suka taso daga Jos, maigidana da zazzaɓi a jikinsa. Duk hanya yana ba shi labarin wani zaure da ba a rufewa, yana cewa su dai daure su kai. Suka iso wani gari, tafiyar kwana biyu daga namu, da yamma hadari ya haɗu. Garin yana da zauren baƙi, amma mutanen sun gaji, sun rufe ƙyaure sun jibge ƙaya a bakinsa. Suka zauna a gindin bangon, ruwa ya sauka a kansu. Da gari ya waye sai shi kaɗai ya tashi. Mutanen garin sun yi wa maigidana sutura, in ji shi, sun yi masa salla yadda ya kamata.

Na san sunan garin. Ba zan rubuta shi ba, amma tun daga ranar ban sake sayen ko albasa daga hannun mutumin can ba. Sun iya buɗe masa kabari, zaure ne ya gagare su. Na yi kuka, na yi har muryata ta dushe, amma fushin ya fi kukan yawa, kuma har yau bai gama fita ba.

Bayan addu'ar bakwai ƙanen miji ya dawo da maganarsa, wannan karon a gaban liman. Shi ma ya yi kukan ɗan'uwansa, na gani da idona. Ya ce tunda mai gida ya rasu, kuma 'ya ɗaya ya bari tana aure a Makarfi, gida ya zama na magada, shi ne kuma babba a cikinsu. Ina daga cikin ɗaki na ɗaga murya na tambayi liman ko ana fitar da mai takaba daga gidan mijinta. Ya ce a'a, sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Na ce to masu zuwa yi mini gaisuwa ta ina za su shigo, ta kan danga? Kuma sadakar mamaci wa ake ba, ba mabukata ba? Ga su nan Allah ya kawo har ƙofa. Liman ya yi gyaran murya ya ce a bar komai yadda yake sai na fita. Na lissafa da yatsuna: kafin nan gero ya shigo gida.

Takaba ta hana ni yawon daddawa, sai matan unguwa suka riƙa zuwa da kansu. A zo gaishe ni, a tafi da akushi ɗaya a ƙarƙashin mayafi. Tsohuwar nan ta ce kada in wahalar da kaina da daddawa uku, ta san hanya.

Sadakar arba'in ta faɗo a tsakiyar marka. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba, duk itacen garin ya jiƙe, ga tukwane manya uku a kan murhu, ga zaure cike. Na hura har idona ya yi ja, hayaƙi kawai. Na zauna ina tunanin inda busasshen itace yake a gidan nan. Guda ɗaya ne. Na kira biyu daga cikin mutanen kuza, na miƙa musu gatari, na nuna musu abin da ke manne da bangon zaure. Suka dubi juna, suka dube ni. Na ce ni na sa su. Maɗacin da ya shekara hamsin a inuwa ba ya gardama da wuta, ya ci har tuwo ya nuna. Na sa aka rataya tsohuwar tabarma a inda yake. Duk unguwa ta ci tuwon nan. Ƙanen miji ya shigo ta kafar dangarsa, ya ci, har ya ce miya ta yi daɗi.

Ranar da na fita takaba gero ya riga ya shigo gida, an fara yankan dawa. Baƙi sun ragu, saura biyar ko shida, yawancinsu sun samu ƙwadago a gonaki. Da safe ƙanen miji ya zo tare da liman, karo na farko da ya bi ta zaure tun bazara, da igiya a hannunsa ta ɗaure ƙyaure. Ya yaye tabarma. Babu komai sai bango da ragowar ginin zanzaro.

“Matar Yaya, ina ƙyauren?”

Na ce, “Ka ci tuwonsa ranar arba'in, har ka yaba miya.”

Liman ya yi salati, ya ce wannan fa dukiyar magada ce. Na ce na sani, malam, a sa shi a cikin tumunina, in ma shi ke nan rabona na yarda.

Ƙanen miji ya tsaya yana murza igiya. Idonsa ya sauka a kan randar da ke kusurwa, inda na kife ƙoƙon ɗan'uwansa don masu shan ruwa. Ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, ai sai a sassaƙa wani.

Na ce, “Sassaƙa, maigida ƙarami. Damina na dawowa, gatarina kuma yana nan.”

Gidan ya zama nasa a rabon gado, ya bar ni a ɗakina. Audugarsa ya yi mata rumfa a tsakar gida. Ya rayu shekaru da yawa bayan haka, kullum in an yi maganar zaure sai ya ce yana nan yana neman masassaƙi. Har muka kai shi makwancinsa bai samu ba.