Ta'aziyyar da na'ura ta riga ni amsawa

Na ga abubuwa da yawa a garin nan na Jos, wasu sun gushe daga raina, amma wannan kam da shi za a kai ni kushewa.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Jikata ce da muke zaune tare a Laranto ta shiga wani kwas ta intanet, inda ake koya musu buɗe shafi da yadda masu karatu za su riƙa mayar da magana. Kullum da hantsi sai ta jingina waya da kwanon sha, malaminsu yana bayani daga wani gari, ni kuwa ina gefe ina tsince shinkafa ina saurare. A haka har na fara gane inda aka dosa.

Da aka ce kowa ya buɗe shafinsa, sai ta ce, "Tsohuwa, ke ce jarina. Ki ba da labari, ni in ɗora."

Na ce, "Ja'ira, yau kuma ni za ki kai kasuwa?"

Ta ɗauki muryata ina faɗin yadda ake gwaten acha, da yadda na koya wurin wata maƙwabciyata Kirista, lokacin muna sayar da kayan miya a kasuwar Terminus. Rumfarmu ɗaya. In na tafi salla ita ke tsare min tumatir, ran Lahadi ni ke tsare mata. Da kasuwa ta ƙone muka watse, ban ƙara jin ɗuriyarta ba.

Mutane suka yi ta shigowa shafin suna gaisuwa. Sai aka zo darasin wata dabara mai amsa wa baƙi da kanta, jikata ta kunna, ta ce ai mun huta. Na ce to, ban ma fahimci abin da na yarda da shi ba.

Wata ranar tana karanta min saƙonni sai ta tsaya. Na ce, "Karanta mana." Ashe saƙon daga 'yar maƙwabciyar nan tawa ne. Ta ce ta gane muryata, kuma mahaifiyarta ta rasu da damina, har ƙarshe tana ambatona.

Na yi salati. Can na ce, "To, rubuta mata gaisuwa."

Ta ce, "Kaka, an riga an amsa."

"Wa ya amsa?"

Ta karanta da ƙaramar murya: mun gode da ziyara, a sake leƙo mu. Ga kuma 'yar fuska tana dariya a ƙarshe.

Yarinyar da na goya a bayana a cikin kasuwa ta kawo min mutuwar uwarta, an sallame ta da dariya, kuma da sunana. Na ji tsoron ta tafi ke nan, kamar yadda uwar ta ɓace min.

Jikata ta kashe abin nan take, idonta ya ciko. Ta ce za ta rubuta ban haƙuri. Na ce a'a, tambaye ta inda gidansu yake kawai. Ta'aziyya da ƙafa ake yin ta.

Amsa ba ta zo da wuri ba, kuma ban ji daɗin abinci ba har ta zo. Ashe a unguwar Congo-Russia take, duk shekarun nan, kuɗin Keke ɗaya tsakaninmu.

Na same ta a ƙofar gida, ta zama babbar mace har da furfura. Na fara ba ta haƙuri, ta riƙe hannuna.

Ta ce, "Mama, da farko ya yi min zafi, gaskiya. Amma na ce wannan ba bakin Mama ba ne. Mama da gaisuwanta ba ya ƙarewa?"

Muka yi dariya, muka yi kuka, ta shigar da ni ɗakin uwarta na zauna a bakin gadon.

Jikata ta gama kwas ɗinta lafiya, shafin yana nan har yau. Sai dai duk wanda ya yi sallama a cikinsa, sai an karanta min na amsa da bakina, ko zai jira. Na koyi cewa in ka buɗe wa mutane ƙofa, to ka zauna kusa da ita, don ba ka san da wane labari mai shigowa ya zo ba.