Kawu Bulus da Mai Duba Tikitin Citta

Duk wanda ya san Kawu Bulus ya san ba a ajiye abu a gidansa sai da suna. Gwangwanin gishiri an rubuta masa "gishiri", na sukari "sukari", har bokitin wanka bai tsira ba. Wata safiya matarsa, Mama Talatu, ta juye garin daddawa a gwangwanin sukari, ta kuma faɗa masa da bakinta. Ya ɗebi cokali biyu ya zuba a shayi, ya shanye tas yana yamutsa fuska.

"Bulus, ka haukace ne?"

"Gwangwani ya ce sukari. In na bar shi ya yi ƙarya yau, gobe da wa zan yarda?"

Ku kuna dariya, ni gabana faɗuwa yake yi. Jibi ake rabon irin citta, kuma sabar da ya gina wa ƙungiyar manoman Kwoi ni ya bar wa da ya rasu. Ita ce kwamfutar da ke karɓar rajista ta intanet, ta aika wa kowane manomi saƙon rumbun da zai karɓi irinsa. In ta yi kuskure, wani ya rasa shukar bana.

Sai da ya yi ritaya daga reluwe ya koyi wannan aiki, da furfurarsa. Ni da na karanta abin a makaranta na ce, "Kawu, akwai yaren kwamfuta mai sauƙi, kana rubutawa yana tashi, ba tambaya."

"Wanda ke barin kowa ya hau jirgi ba tikiti? Sai an bar Kafanchan a tarar da akuya a kujerar fasinja! A'a, Saratu, na gode."

Shi nasa yaren, sai ka faɗi irin kowane abu tun farko: wannan suna ne, wannan lambar waya, wannan buhu. Ka haɗa abin da bai dace ba, aiki ya ƙi tashi, allo ya cika da jan rubutu. Kawu na kiransa mai duba tikiti, har gaishe shi yake yi da safe.

Buhu ma bai bar shi haka ba. Ya raba buhun ɗanyar citta, wadda ake shukawa, da na busasshiya, wadda ake sayarwa. Ran nan Ciyaman na ƙungiya ya zo da zafinsa.

"Bulus, haɗa mini buhunan duka, jimilla ɗaya nake so."

"Na'ura ta ƙi."

"To ka tilasta ta mana!"

"Ai ni ma na ƙi. Mun zama biyu."

Makon jiya na ƙara matan Nok a rajista, sai ga jan rubutu. Kai! Ciyaman ya kira ni sau uku, hadari na haɗuwa. Na san yadda ake toshe bakin mai duba tikitin nan, layi ɗaya ne kawai, kuma ban ɓoye muku ba, har na rubuta rabinsa. Sai na ce bari dai in karanta abin da yake ƙorafi a kai. Ashe rumbun busasshiya na haɗa su da shi. Da mata talatin sun hau babur tun daga Nok, su tarar da cittar da aka tsaga aka shanya, wadda ko shekara ta yi a ƙasa ba za ta tsiro ba. Na zauna na yi kuka, ban san ko na tsoro ne ko na kewa ba.

Na gyara, ya tashi lafiya. Amma har yanzu ina jin tsoro, don in wani abu ya karkace jibi, babu wanda zan ruga wurinsa in ce, "Kawu, zo ka gani."

Ubangiji ya ba ka hutawa, Kawu. Ni kuma ya riƙe hannuna jibi, kowace mace ta koma gida da irin da zai tsiro. Amin.